Kawu ya tafi, ɗansa yana ƙarƙashin teku

Allah da ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa. Washegarin rasuwarsa, gidansa da ke unguwar Minguettes a gefen Lyon ya kasa ɗaukar mutane. Takalma sun taru a bakin ƙofa har maƙwabta na tsallake su. Maza suna falo, mata suna ɗaki da kicin, waɗansu kuma sun zauna a kan matakalar bene. Ɗalibai ƴan Nijar sun taho daga Saint-Denis, can gefen Paris, cikin mota guda a matse, kowannensu da labarin ranar da Kawu ya tarbe shi a gar, inda jirgin ƙasa ke tsayawa, ya kai shi gida, ya ba shi rigar sanyi. Wani tsoho Balarabe, abokin aikinsa na da, ya taso tun daga bakin teku da bututun iska a hancinsa. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya samu kujera ya zauna yana haki, da ya huta ya ce wa Inna, matar Kawu, cikin waɗanda suka yi aikin tare saura kaɗan, kuma duk irin tarin da Kawu ya yi fama da shi suke yi.

Duk wanda ya shigo, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya waiga ya tambaya ina ɗan mamaci, a yi masa gaisuwa. Ɗa ɗaya Kawu ya haifa, taubashina, wanda nake kira Yaya. Ni aka bar wa ba da amsa, domin Inna ba ta iya buɗe baki. Ina ce musu yana wurin aiki. Wani Alhaji da ya zo daga Paris ya tambaye ni wane irin aiki ne ke hana mutum binne ubansa. Na ce masa sojan ruwa ne, yana cikin jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, ba wanda ya san inda suke, kuma bai san an yi rasuwar ba. Alhajin ya ce Allah shi kyauta.

Saboda haka nake rubuta wannan. Mutanen da suka zo gaisuwa sun san tsoho mai fara'a da tari. Wanda ya fi kowa cancantar ya ba da labarinsa ba ya nan, kuma ina tsoron a manta.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, haifaffen Damagaram. Ruwa mafi girma da ya sani kafin ya bar gida shi ne tabkin damina da yara ke wanka. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya yi ta yawon neman aiki, har wani ɗan kwangila ya kwashe su ya kai su wani gari can kudu, inda babban sansanin jiragen yaƙin ruwa yake. Kawu bai taɓa kiran wurin da dogon sunansa ba. Tasha yake ce masa, mu ma muka bi shi. Ya ce ranar da ya fara ganin teku sai da ya zauna a ƙasa, don ya ji kamar duniya ta karkata za ta zubar da shi. Ya yi rabin rayuwarsa a bakin ruwan nan bai koyi iyo ba.

Aikinsa na farko kankare tsatsa. Akwai wani ƙaton ramin siminti da ake shigar da jirgi a ciki, a rufe ƙofa, a tsotse ruwan, jirgi ya zauna a kan turaku. Sai su Kawu su sauka ƙarƙashinsa su yi ta kankara da fenti. Daga baya ya koyi walda, aka riƙa tura shi cikin cikin jirgi, lungunan da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. A can suke yage wata farar auduga da aka naɗe bututu da ita, ƙurarta ta cika musu gashi da hanci. Ya ce a lokacin wasa suke yi da ita, suna jifan juna kamar yara. Ba wanda ya san tana kwanciya a huhu ta jira mutum har ya tsufa.

Daga wannan aikin ya samo wata ɗabi'a. Duk ƙarfen da ya gani sai ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kasa kunne: ƙofar asansar mai hawa da mutane sama, ƙarfen bene, tukunyar da Inna ta sayo. Kuma duk abin da aka kawo masa shawara a kai, tambaya ɗaya yake fara yi, ko an duba ƙarƙashinsa. In mota ce haka, in gida ne haka. Da na kawo masa wani mai nemana da aure, ya tarbe shi da shayi da dariya, bayan ya tafi ya ce mini fentin yaron ya yi kyau, amma shi bai ga ƙarƙashi ba tukuna. Na yi fushi na mako. Auren bai yiwu ba, kuma ban taɓa yin nadama ba.

Lokacin da na zo karatu, ya riga ya bar Tasha ya koma Vénissieux, inda unguwar Minguettes take, yana gadi a wani ɗakin ajiyar kaya, domin numfashinsa ba ya ɗaukar lungun jirgi. A gidansa na zauna har na gama jami'a. Yana da al'ada: duk baƙon da ya zo daga gida, cikin watansa na farko sai Kawu ya sa shi a jirgin ƙasa ya kai shi ya ga teku. Ya ce bai kamata ɗan Nijar ya zauna a ƙasar nan yana jin labarin teku a bakin mutane ba. Ni ma an kai ni, tare da Yaya, wanda a lokacin ya riga ya gama lise, wato babbar sakandare.

Ba a barin farar hula su shiga Tasha, amma akwai ƙaramin jirgin fasinja da ke ƙetare mashigin ruwan, kuma daga kansa ana hango komai. Kawu ya tsaya a gefe, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe gam, ɗayan yana nuni. Ya nuna mana tsohon ramin da ya fara aiki, ƙarami a tsakanin sababbi. Ya nuna mana doguwar gaɓar siminti da aka ƙara don wani jirgi mai girman unguwa, wanda jiragen sama ke sauka a bayansa. Ya ce a gabansa aka yashe ƙasan ruwan don ya samu wurin tsayawa. Inda injinan ɗaga kaya suke jere, ya ce a da rairayi ne, masunta na shanya komarsu, su kuma suna zuwa su yi azahar su ci burodi da sardin. Wata rana suka zo suka tarar da waya, bayan waya katanga, bayan katanga masu gadi da karnuka. A da ana gaisawa da mai gadi a wuce, daga baya sai da kati mai hoto, daga baya kowane kati da iyakar inda yake kai mutum.

Ya ce duk garin nan Tasha ke ciyar da shi, daga mai burodi har mai wankin kaya, kuma in jirage suka fita da yawa kasuwa kan mutu. Yaya ya tambaye shi ina jiragen ke zuwa. Ya ce gadin hanyoyin ruwa, da rakiyar jiragen kaya, da kwaso mutane in yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, da kuma abin da ba a gaya wa mai fenti. Ya taɓa gyara jirgi, daga baya ya ji ya tsaya a gaɓar wata ƙasa ta wajenmu, kuma har ya rasu bai san ko alheri ya kai ko akasinsa ba. Yana faɗar haka yana dariya, amma bai daɗe yana dariyar ba.

Muna cikin tafiya sai wani baƙin abu ya taso a gefe, dogo, ba taga ko ɗaya, ruwa na gangara a bayansa. Fasinjoji suka juya suna kallo. Kawu ya ce jirgin ƙarƙashin ruwa ke nan, su ne aka gina wa sabon ɓangaren da ko shi katinsa bai kai ba. Na dubi Yaya, na ga bai ƙifta ido ba har abin ya wuce.

Bayan shekara biyu ko uku Yaya ya zo ya ce ya ba da sunansa a sojan ruwa, kuma an ɗauke shi. Ina kicin ina jin su. Kawu bai ɗaga murya ba, tari ne ya riƙa yanke masa magana. Ya ce shi ya shiga ƙarƙashin jiragen nan ne don ɗansa ya zauna a biro, ofis mai taga. Ya ce ya ga cikinsu, ya san kaurin ƙarfen da ke tsakanin mutum da ruwa, ya san irin gajiyar da mai walda ke ciki ranar da ya haɗa shi. Yaya ya ce ai uban ne da kansa ya kai shi ya nuna masa. Wannan maganar ce ta yi wa Kawu zafi.

"To, na ji," in ji shi. "Ka tafi. Amma kayan sojan nan kada su shigo mini gida. Ba na son in gan ka a cikinsu."

Ba su daina gaisawa ba. Yaya yana zuwa da Salla, ya durƙusa ya gaida ubansa, su yi maganar sanyi da tsadar nama. Ya yi aure, Kawu ya tsaya a kan komai. Aka haifi yarinya, shi ya yi mata huɗuba. Amma ko sau ɗaya bai tambaye shi yaya aiki ba, bai taɓa zuwa gidansu a bakin teku ba, kuma tun ranar ya daina kai baƙi ganin ruwa. Inna ta yi roƙo har ta gaji. Abin da ta gaya mini kawai shi ne, duk lokacin da Yaya ya nutsa, Kawu ba ya cin abincin kirki sai an ce ya fito.

A bana ciwon ya tashi gaba ɗaya. Yaya bai daɗe da tafiya ba aka kwantar da Kawu a asibiti, likita ya kira mu gefe ya ce huhun ya ƙare, a sanar da na nesa. Na ɗauki hutu daga wurin aikina a Paris na taho. Matar Yaya ma ta zo da yarinyar. Kawu yana kwance da abin iska a fuska, duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai ya duba, sannan ya mayar. A rana ta uku ya janye abin iskar ya ce mini, "Ɗiyata, a kira mini shi."

Na fita na tsaya a baranda na kira biron da ke kula da iyalan ma'aikatan jirgin. Wata mata ta ɗauka, mai sanyin murya. Ta ce jirgin ba ya magana da kowa, domin in ya yi magana an san inda yake. Saƙo ɗaya ke tafiya a mako, gajere, daga mutum ɗaya cikin iyali, kuma ba a amsawa. Ana karanta shi kafin a aika, kuma mugun labari ba ya wucewa, sai a riƙe shi har jirgi ya kusa gida. Na roƙe ta. Na ce ɗa ɗaya ne, na ce mu Musulmi ne ba ma ajiye gawa, na ce ko kalma ɗaya a bari ta wuce. Na tambaye ta yaushe za su dawo, ta ce ita ma ba ta sani ba. Na sake kira da rana na samu wani namiji, ya faɗa mini abu ɗaya da ladabi ɗaya. Na kira wani ɗan garinmu da ke aiki da manya a Paris, ya ce wannan ƙofar ba mai buɗe ta. Har na tambayi likita ko akwai abin da zai riƙe Kawu zuwa wata guda. Ya girgiza kai.

Da na koma na gaya wa Kawu, na zaci zai la'anci Tasha da masu ita. Sai ya ce sun yi daidai. Ya ce mutum yana cikin gwangwani a ƙarƙashin ruwa, in aka karya masa zuciya ba shi da inda zai fita ya sha iska, kuma rayukan mutane da yawa suna hannunsa. Inna ta fashe da kuka ta ce, Malam, har yanzu su kake karewa? Ya ce ba su yake karewa ba, yaron yake karewa.

Sannan ya yafito matar Yaya, domin ita ke aika saƙon mako. Ya tambaye ta ko gaisuwa tana wucewa. Ta ce tana wucewa, Baba. Ya huta, ya tattara numfashi.

"Ki ce babanshi na gaishe shi. Ki ce in ya fito ya taho da kayan aikinshi, ya sa su in gani."

Ta rubuta ta aika. Ba mu da hanyar sanin ko ya isa. Kawu ya riƙa tambaya ko an ce wani abu, muna ce masa ba a amsawa, ya ce ya sani, anjima ya sake tambaya. Ran Laraba da hantsi, Inna na riƙe da hannunsa tana laƙƙana masa kalmar shahada, numfashin ya tsaya.

Bayan rasuwar ma ba mu huta ba. Inna ta ce ba za a binne shi ba sai ɗansa ya zo. Aka bar shi a ɗakin sanyi na asibiti. Liman ya zo ya lallashe ta, ya ce haƙƙin mamaci ne a gaggauta. Dangi daga Damagaram suna ta waya a kawo shi gida. Ita kuma ta ce in aka kai shi can, yaron zai fito daga ruwa ya tarar ko kabari babu kusa. Ta zauna a bakin gado ta ƙi ci, ta ƙi sha, tana cewa a ƙara mata kwana ɗaya. Ni na durƙusa a gabanta na ce, Inna, ba wanda ya san ranar, ko mako ne ko wata biyu. Ta riƙe kaina ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan ta ce a je a yi. Aka binne shi a ɓangaren Musulmi na maƙabartar da ke kusa. Tsohon abokin aikinsa, da bututunsa, shi ya fara zuba ƙasa.

Mako ya zagayo, lokacin saƙo ya yi. Na tarar da matar Yaya a kicin, gida cike da masu gaisuwa, tana riƙe da waya. In ba ta aika ba zai san akwai abu. In ta faɗi gaskiya ba za ta wuce ba. Ta ce ba za ta iya rubuta Baba lafiya ba, Allah yana ganinta. A ƙarshe ta rubuta cewa haƙorin yarinya ya fita, kuma an yi ruwa a Lyon. Haka ta yi ta yi, mako bayan mako, tana neman ƙananan gaskiya tana aikawa, in ta gama ta shiga bayi ta kulle ƙofa.

An yi sadakar arba'in ba ya nan. Bayan ta da ƴan kwanaki aka kira matarsa aka ce sun iso, kuma kumandansu ya gaya masa tun kafin su taɓa gaɓa. Washegari da azahar ya sauka a gar da jaka ɗaya, cikin kayan gida, ya rame, fatarsa ta yi fari kamar wanda ya yi jinya. Bai yarda mu biya ta gida ba, ya ce maƙabarta tukuna. Ni na raka shi.

Ƙasar kabarin ta fara kwanciya. Ya tsaya yana kallo, ya tambaye ni ta ina kai yake, na nuna masa. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a. Ina ta shirya yadda zan ba shi haƙuri a kan makonnin da muka ɓoye masa, sai ya riga ni magana, bai ɗago ba.

"Na sani tun ranar da saƙon ya zo. Baba ba zai ce in sa kayan nan ya gani ba, sai in ya ga tafiya."

Ya ce ya karanta a kan gadonsa, wani ɗan shimfiɗa da ko zama ba a iya yi a kai. Ya so ya je ya tambayi kumandan, sai ya tuna ko an sani ba za a gaya masa ba, kuma ba za a juya jirgi saboda shi ba. Ya tashi ya karɓi aikinsa. Da saƙon haƙorin yarinya ya zo babu sunan Baba a ciki, ya gane an gama. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce bai san ranar ba, saboda haka kullum in ya idar da salla sai ya yi addu'a iri biyu, ta mai jinya da ta mamaci, don kada ya kuskure.

Ya tambaye ni ko Kawu ya sha wuya. Na so in sassauta masa, amma na ga ya gaji da labarin da aka tace. Na ce ya sha, numfashi ya yi masa wuya ƙwarai, kuma har ƙarshe yana duban ƙofa. Yaya ya dafa ƙasar da tafin hannunsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Na juya baya na bar shi da ubansa.

Hutunsa gajere ne. Jirgin yana cikin rami ana gyaransa, kuma in an gama zai sake nutsawa. Inna ba ta ce masa ya bari ba, shi ma bai ce zai bari ba. Ta dai ce wa matarsa daga yanzu a riƙa sa gaisuwarta a kowane saƙo, ko tana lafiya ko ba ta lafiya, har ranar da za a rasa wadda za a sa.

Ya Allah, ga bawanka da ya taso daga ƙasar da ba teku, ya ci halalinsa a ƙarƙashin jiragen mutane, ya ciyar da ƴaƴan da ba shi ya haifa ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi numfashin da ya rasa a duniya. Ɗansa kuma, duk zurfin da ya shiga, ka fito mana da shi.